SAYAR DA CEKI DON GAGGAWA: DARASI DAGA SHAGUNAN INGILA

 A wannan mako muna so mu jawo hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ga wata sana'a da ta kahu a ƙasar Ingila, watau sana'ar canza wa mutum ceki da tsabar kuɗi nan take, a yanke wani abu daga ciki. Ko da yake a can ne sana'ar take, tambayar da take tayarwa ta shafi kowane Musulmi wanda ya taɓa riƙe takardar kuɗi a hannunsa alhali kuwa aljihunsa wayam.

Duk wanda ya taɓa ratsa manyan titunan kasuwa na Landan, ko Birmingham, ko Manchester, ko Bradford, zai iya tuna wasu shaguna masu sanarwa a jikin gilashi cewa ana canza ceki a biya mutum a take. Galibinsu shagunan jingina ne, waɗanda kuma ke sayen zinariya da canjin kuɗin ƙasashen waje. Ƙidayar jama'a ta shekarar 1921 ba ta tambayi addini ba, amma ta shekarar 2021 ta nuna akwai Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma da yawansu suna zaune ne a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi, inda irin waɗannan shaguna suka fi samun kasuwa. Don haka al'amarin ya zama abin da ya kamata a san hukuncinsa.

YADDA SANA'AR TA SAMO ASALI

A da can, mutumin da aka rubuta wa ceki a Ingila yana iya sa hannu a bayansa ya miƙa wa wani, shi kuma wancan ya kai bankinsa. Ta haka ne lebura wanda ba shi da asusun ajiya yakan kai cekin albashinsa wurin mai kantin unguwarsu, a cire bashin da ake binsa, a ba shi saura. Amma ɓarayi sun sami ƙofa ta nan, domin sukan sace ceki a hanyar gidan waya, su ƙirƙiri sa hannun mai shi, su karɓe kuɗin. Saboda haka Majalisar Dokokin Birtaniya ta kafa Dokar Ceki ta shekarar 1992, wadda ta tabbatar da cewa duk cekin da aka gitta masa layi biyu, aka kuma rubuta cewa a zuba shi a asusun mai suna kaɗai, to ba ya halatta a juya shi ga wani. Nan da nan bankuna suka shiga buga takardun cekinsu da wannan rubutu tun daga maɗaba'a.

Dokar ta rage sata, amma ta bar wanda ba shi da asusu riƙe da takardar da ba ya iya ci da ita. Wannan giɓi ne masu canjin ceki suka cike, har suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a shekarar 1994. Kowane shago yakan ƙulla yarjejeniya ta musamman da bankinsa, cewa bankin zai karɓi cekin da ke ɗauke da sunan wani, shi kuwa shagon ya ɗauki alhakin duk asarar da ta biyo baya.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Mutum zai zo da cekin da ke ɗauke da sunansa, tare da shaidar ko shi wane ne, kamar fasfo ko lasin tuƙi, da kuma wata takarda mai nuna inda yake zaune. Ma'aikacin shago zai binciki cekin, sau da yawa har ya buga waya ga kamfanin da ya rubuta shi don ya tabbatar ba na jabu ba ne. Sun fi son cekin kamfani, ko na inshora, ko na hukuma, domin cekin da mutum ya rubuta daga aljihunsa ya fi yawan dawowa. Idan sun gamsu, sai a yanke wani kaso daga cikin ɗari na kuɗin, a haɗa da ɗan kuɗin hidima, a ƙirga masa saura. Dokar ƙasar ta wajabta wa waɗannan shaguna su kasance ƙarƙashin sa idon hukuma, musamman hukumar haraji da kwastan, don hana masu laifi wanke kuɗin haram ta wurinsu. Amma akwai wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau, domin a kansa hukunci zai rataya: idan banki ya ƙi biyan cekin, shago yakan koma wa wanda ya kawo shi ya nemi kuɗinsa.

ME MUTUM YAKE SAYE DA KUƊINSA?

Abin da mutum yake saye a wannan shago shi ne lokaci. Daga ƙarshen shekarar 2007 bankunan Birtaniya sun bi wata ƙa'ida wadda ta ce mai ceki yana iya cire kuɗinsa bayan kwana huɗu na aiki, amma ba zai tabbata cewa kuɗin sun zama nasa ba sai bayan kwana shida na aiki. Idan aka haɗa da Asabar da Lahadi, jiran yakan wuce mako guda. Ga magidancin da mai gida ya matsa masa kan kuɗin haya, mako guda ba ƙaramin lokaci ba ne.

Bari mu ƙaddara misali. A ce an ba mutum cekin fam 500, shago kuma ya yanke kashi 6 daga cikin ɗari, watau fam 30, ya ƙara fam 3 na hidima. Zai fita da fam 467, ya bar fam 33 saboda jiran kwana takwas. In aka auna wannan bisa ma'aunin shekara, kamar yadda ake auna kuɗin ruwa, ya haura kashi 300 daga cikin ɗari. Idan kuwa ma'aikaci ne mai albashin fam 1,500 wanda ya mai da wannan hanya al'adarsa ta kowane wata, to zai riƙa barin fam 93 a wata, fam 1,116 a shekara. Ma'ana, kusan mako uku yake yi wa mai shago aiki a kowace shekara ba tare da ya sani ba. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.

Yanzu kuma abin ya ƙara zama abin mamaki, domin jiran da ake gudu ya kusa ƙarewa. A watan Oktoba na shekarar 2017 bankunan ƙasar suka soma sabon tsari na aikawa da hoton ceki ta na'ura maimakon ɗaukar takardar a mota daga banki zuwa banki, aka kuma kammala sauyin a shekarar 2019. Bisa ga wannan tsari, cekin da aka shigar ranar aiki kafin lokacin rufe karɓa, kuɗinsa sukan samu kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba. Bankuna da dama ma sun yarda mutum ya ɗauki hoton cekin da wayarsa ya aika yana zaune a ɗakinsa. Wanda yake da asusu, amma duk da haka ya tafi shago, to jiran kwana ɗaya ko biyu ne ya biya wa wannan tsada.

Shi kansa ceki ya ja baya ƙwarai. A shekarar 1990 an rubuta ceki kimanin biliyan 4 a Birtaniya, amma a shekarar 2022 adadin bai kai miliyan 200 ba. A shekarar 2009 har an tsai da shawarar kashe shi gaba ɗaya a 2018, sai jama'a suka yi ca, musamman tsofaffi da ƙungiyoyin agaji, aka janye shawarar a 2011. Waɗanda suka rage suna zuwa shagon canji a yau galibi iri biyu ne: wanda ba shi da asusu sam, da wanda banki ke binsa bashi, yana tsoron in ya zuba cekin bashin ya haɗiye shi. Hukumar lura da harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 akwai manya miliyan 1.1 marasa asusun banki. Ashe dai mafi rauni a cikin jama'a shi ne yake biyan farashi mafi tsada kafin ya taɓa guminsa.

CEKI BA BAƘO BA NE A WURIN MUSULMI

Kada mai karatu ya zaci malaman Musulunci yau suka fara ganin takardar kuɗi. Larabawa suna da abin da suke kira sakku tun farkon Musulunci, har wasu masana harshe suna danganta kalmar ceki da shi. Masanin ƙasashe Ibn Hauƙal, wanda ya rayu a ƙarni na 10 na Miladiyya, ya ba da labarin wata takardar sakku ta dinari 42,000 a cinikin fataken Sijilmasa da Audagust, garin da kufansa yake cikin ƙasar Muritaniya ta yanzu.

Tun kafin nan ma, Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa a zamanin da Marwanu ɗan Hakamu yake mulkin Madina an raba wa mutane takardun karɓar abincin da aka tara a tashar jiragen ruwa ta Jar. Sai mutane suka shiga sayar da takardun a tsakaninsu tun ba su karɓi abincin ba. Zaidu ɗan Sabitu da wani sahabi suka shiga wurin Marwanu suka yi masa inkari, suka kira wannan ciniki riba, shi kuwa ya aika dogarai suka bi takardun suna karɓewa suna mayar wa masu su. Dalilin hanin a nan shi ne sayar da abinci kafin a karɓe shi, amma darasin ya wuce abinci: takarda tana ɗaukar hukuncin abin da take wakilta. Takardar hatsi hukuncin hatsi gare ta, takardar kuɗi kuma hukuncin kuɗi.

INA CINIKIN YA FAƊA A SHARI'A?

Allah Ya bambanta ciniki da riba a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, Ya halatta na farko Ya haramta ta biyu. Abin da ya rage shi ne mu duba a wane gida wannan mu'amala ta sauka. Fuska uku ake iya fassara ta da su.

Ta farko, a ce mai shago ya sayi cekin ne. To ceki umarni ne ga banki ya biya kuɗi, saboda haka wanda ya saye shi ya sayi kuɗi ne da kuɗi. Hadisin Ubadatu ɗan Samitu da ke cikin Sahihu Muslim ya shimfiɗa ƙa'idar musayar zinariya da zinariya, da azurfa da azurfa, cewa sai an daidaita su, an kuma miƙa a wuri guda, kuma manyan majalisun fiƙihu na zamani sun tafi a kan cewa kuɗin takarda suna bin wannan hukunci. A shagon canji kuwa fam 467 aka bayar a kan fam 500, ɗaya a hannu, ɗaya kuma sai gaba. An rasa daidaito, an kuma rasa hannu da hannu. Malaman Malikiyya sun yarda a sayar da bashi ga wanda ba shi ake bi ba, amma da sharuɗɗa, cikinsu har da cewa idan abin da za a biya jinsinsa ɗaya ne da bashin, to tilas su zo daidai.

Ta biyu, a ce rance ne mai shago ya bayar, cekin kuma hanya ce ta biyansa. Wannan fassara ita ta fi kusa da gaskiyar abin da ke faruwa, saboda sharaɗin nan da muka ce a riƙe. Wanda ya sayi kaya da gaske shi ke ɗaukar asararsu. Tun da mai shago yana komawa ga mai ceki idan banki ya ƙi biya, to bai sayi komai ba, rance ya bayar na 467 don ya karɓi 500. Ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta kuwa ita ce, duk rancen da aka sharɗanta wa ƙari riba ne.

Ta uku, a ce ladan aiki ne. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin mai shago yana biyan haya da ma'aikata, yana kuma wahalar bincike, wakilci da lada kuwa halal ne. Da a ce mutum zai ba shi cekin ya ce ya karɓo masa kuɗin, in sun fito ya cire la'adarsa ya miƙo saura, da babu laifi ko kaɗan. Hukumar tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci da ke Bahrain, AAOIFI, ta halatta irin wannan la'ada a ƙa'idarta ta 16 mai magana kan takardun kasuwanci. Matsalar tana tasowa ne daga lokacin da wakili ya zaro kuɗinsa ya bayar kafin na cekin su fito, domin a sannan ya tashi daga wakili ya koma mai ba da rance. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a shekarar 1986, ta yarda a karɓi kuɗin hidimar rance gwargwadon ainihin abin da aka kashe, abin da ya ɗara haka kuwa ta ce riba ne. To wahalar binciken cekin fam 1,000 ba ta ninka ta cekin fam 500 ba, amma abin da ake yanka yakan ninka. Wannan ya nuna yankan yana bin yawan kuɗin da aka ranta, ba ya bin wahalar da aka sha.

Ita wannan Majalisa, a zamanta na bakwai a Jidda cikin watan Mayu na shekarar 1992, watau shekarar da Birtaniya ta kafa dokar da ta haifi shagunan, ta yanke cewa rangwanta takardun kasuwanci don a karɓi kuɗinsu da wuri bai halatta ba, domin yana komawa ga ribar jinkiri. A wannan zama ta sauƙaƙa cewa mai bin bashi yana iya yafe wa wanda yake bi wani abu don ya biya shi kafin wa'adi, muddin ba a yi sharaɗin haka tun farko ba, kuma babu mutum na uku a tsakani. Mai shago kuwa shi ne mutum na ukun. A mazhabarmu ta Malikiyya ma ko wannan sauƙin ba a bayar ba, kamar yadda duk wanda ya karanta babin ciniki na Risala ya sani.

Tarihin sana'ar kansa ya nuna inda ta dosa. Shagunan nan sun daɗe suna karɓar cekin da mutum ya rubuta da kansa, su ba shi kuɗi ƙasa da abin da ya rubuta, su riƙe cekin har ranar albashi. Wannan hanya ta mutu bayan an soke katin lamunin ceki a watan Yuni na 2011, amma rancen jiran albashi ya ci gaba ta intanet da ruwa mai ban tsoro, har hukumar FCA ta sa masa iyaka a watan Janairu na 2015, cewa ruwan kada ya wuce kashi 0.8 daga cikin ɗari a rana, kuma kada jimillar abin da za a ɗora wa mutum ta wuce abin da ya ranta. Kamfanin Wonga, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya durƙushe a shekarar 2018.

MECE CE MAFITA?

Faɗin haramci kaɗai ba ya biya wa magidanci kuɗin haya, don haka wajibi ne a nuna hanya. Abu na farko, tun shekarar 2016 manyan bankuna tara na Birtaniya suke buɗe asusu mai sauƙi wanda ba a biyan komai a kansa, ba a kuma ba da rance a cikinsa, domin waɗanda ba su cancanci asusu na yau da kullum ba. Mai irin wannan asusu zai karɓi cekinsa cif, ba ragi. Akwai kuma bankin Al Rayan, wanda aka kafa a shekarar 2004 da sunan Bankin Musulunci na Birtaniya. Abu na biyu, mutum ya roƙi wanda zai biya shi ya tura kuɗin kai tsaye cikin asusu, domin tun shekarar 2008 ƙasar take da tsarin aika kuɗi mai isa cikin ɗan lokaci kaɗan. Abu na uku, idan ya sami ɗan'uwa ko ɗan kasuwa amintacce wanda zai ranta masa abin da zai rufa asiri har cekin ya fito, ya mayar daidai ba ƙari, to wannan shi ne rance mai kyau wanda Shari'a ta kwaɗaitar a kansa.

Wanda kuwa ƙofofin nan duka suka rufe masa, ga yunwa ko barazanar kora daga gida, to malamai sun san hukuncin lalura, sun kuma ce ana auna ta gwargwadonta. Sai dai son a riƙe kuɗi yau maimakon gobe ba lalura ba ce. Kuma idan har lalura ta kai Musulmi ga wannan shago, akwai tambaya a kan mawadata da kwamitocin masallatan unguwarsa, waɗanda ƙaramin asusun rance zai ishe su fitar da shi. Haka nan mai ba da aiki wanda yake iya biyan lebura a take, amma ya miƙa masa ceki da yammacin Juma'a yana sane ba shi da asusu, ya tuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biya zalunci.

Mu ma a nan gida mun ɗanɗana irin wannan jarrabawa a farkon shekarar 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, wasu masu na'urar POS suka riƙa yankar kaso mai tsoka kafin su ba mutum kuɗinsa. Haka kuma ɗan kasuwar da aka ba cekin da ranarsa ba ta yi ba, ya kai wa wani attajiri ya karɓi ƙasa da abin da ke rubuce, ya shiga abin da Majalisar Jidda ta hana. Ma'aunin dai ɗaya ne ko a Landan ko a Kano: mutum ya tambayi kansa, abin nan da aka yanke, ladan wani aiki ne da aka yi mini wanda yake daidai da wahalarsa, ko kuwa farashin kwanakin da na ƙi jira ne? Idan na farko ne, ya biya da zuciya ɗaya. Idan na biyu ne, ya yi haƙuri ya kai takardarsa banki.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram, Ya kuma yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, amin.